BABI NA UKU: ASALI DA MA'ANAR SUNAN ZURIYA NA "KUZNETSOV"

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ma'anar suna da rabe-rabensa a dunƙule. A wannan babi kuwa za a ɗauki suna guda ɗaya daga cikin sunayen zuriya na mutanen ƙasar Rasha, wato Kuznetsov, a feɗe shi, domin a ga inda ya samo asali da kuma abin da yake nufi. An zaɓi wannan suna ne saboda dalilai biyu. Na farko, yana cikin sunaye uku da suka fi yawa a Rasha. Na biyu, shi ne ya fi kowane suna yaɗuwa daga cikin waɗanda suka samu ta hanyar sana'ar hannu.

Yawancin waɗanda suka taɓo wannan suna a gurguje sukan ce ma'anarsa "maƙeri", su wuce. Babin zai yi ƙoƙarin nuna cewa wannan fassara ba ta cika ba. Abin da sunan yake nufi shi ne "na maƙeri", wato ɗan maƙeri ko wanda ya fito daga gidan maƙeri. A ido bambancin ƙarami ne, amma a kansa ne tarihin sunan ya rataya, domin shi zai bayyana dalilin da ya sa masu sunan suka yi yawa, da kuma dalilin da ya sa ba dangin juna ba ne. Da yake Rashanci yana da nasa salon rubutu mai haruffa 33, duk kalmomin da za a kawo an juya su zuwa haruffan boko.

3.1 Tsarin Suna a Wajen Rashawa

Cikakken sunan mutumin Rasha kashi uku ne, kamar haka:

(a) Imya: Wannan shi ne sunan da ake raɗa wa mutum bayan haihuwa. Tun daga shekarar 988, lokacin da Yarima Vladimir na Kiyef ya karɓi addinin Kirista, irin waɗannan sunaye suka koma na waliyyan coci, kamar Ivan da Nikolai da Vasili da Anna da Mariya. Mafi yawansu daga Girkanci da Ibrananci da Latin suka fito.

(b) Otchestvo: Sunan uba ke nan, daga kalmar otets, wato "uba". Ana samar da shi ta hanyar liƙa wa sunan mahaifi ɗafa-ƙeya -ovich ko -evich idan namiji ne, -ovna ko -evna idan mace ce.

(c) Familiya: Wannan shi ne sunan zuriya, wanda ake gado daga kaka zuwa uba zuwa jika ba tare da ya sauya ba. Ita kanta kalmar ta aro ce, asalinta daga Latin, kuma ta samu gindin zama a Rashanci a zamanin Sarki Bitrus na Ɗaya, wanda ya rasu a 1725.

Alal misali, sunan Nikolai Gerasimovich Kuznetsov yana nufin Nikolai ɗan Gerasim, na zuriyar Kuznetsov. Haka kuma Svetlana Aleksandrovna Kuznetsova tana nufin Svetlana 'yar Aleksandr, ta zuriyar Kuznetsov. Idan za a girmama mutum, da sunansa da na ubansa ake kiran sa. Sunan zuriya kuwa an fi jin sa a makaranta da barikin soja da takardun hukuma.

Abin lura a nan shi ne, sunan uba yana sauyawa daga tsara zuwa tsara, sunan zuriya kuwa a tsaye yake. Sai dai kamar yadda za a gani a gaba, mafi yawan sunayen zuriya na Rasha sunayen uba ne waɗanda suka daskare a wuri ɗaya.

3.2 Ƙirar Kalmar Kuznetsov

Idan aka rarraba sunan za a ga ya ƙunshi sassa uku:

kuzn + ets + ov

3.2.1 Saiwar Kalma

Sashe na farko, wato kuzn, tsohuwar kalma ce da ke nufin kayan da aka ƙera da ƙarfe. Ta fito ne daga aikatau kovat, ma'ana "ƙera" ko "dukan ƙarfe". Alaƙar kalmomin biyu ta fi fitowa fili idan aka sarrafa aikatau ɗin, domin saiwar kan koma ku-, kamar a kuyu, wato "ina ƙira". Ga wasu kalmomi da suka fito daga wannan saiwa:

kuznitsa – maƙera
podkova – takalmin doki na ƙarfe
okovy – mari, sarƙar ɗaure fursuna
kuznechik – fara

Ma'anar kuznechik ta zahiri ita ce "ƙaramin maƙeri", kuma an danganta ƙarar da wannan ƙwaro ke yi a cikin ciyawa da ƙarar guduma a kan uwar maƙera. Saiwar tsohuwa ce ƙwarai, har masana tarihin harsuna suna haɗa ta da hauen a Jamusanci da kauti a harshen Lituweniya, waɗanda duk suke ɗauke da ma'anar duka ko sara.

3.2.2 Ɗafa-ƙeya -ets

Wannan ɗafi yana samar da sunan mai aikata wani aiki. Wato yana yin irin aikin da ɗafa-goshi ma- ke yi a kalmomin maƙeri da masaƙi da manomi. Misali:

kupets – ɗan kasuwa, daga kupit "saya"
pevets – mawaƙi, daga pet "rera"
kuznets – maƙeri

Saboda haka kalmar da ke nufin "maƙeri" ita ce kuznets. A nan ma'anar sana'a ta tsaya.

3.2.3 Ɗafa-ƙeya -ov

Wannan shi ne sashen da ya mayar da sunan sana'a ya zama sunan mutane. Ɗafi ne na mallaka, yana amsa tambayar chey, wato "na wa?". A tsohon Rashanci idan aka ce kuznetsov dvor ana nufin "gidan maƙeri", idan kuma aka ce kuznetsov syn ana nufin "ɗan maƙeri". Ke nan -ov yana ɗauke da nauyin da -n ko na ke ɗauka a Hausa.

Ɗafin mallakar yana zuwa da siga uku, gwargwadon yadda kalma ta ƙare:

(a) -ov, bayan baƙi mai tauri: Ivan, Ivanov.
(b) -ev, bayan baƙi mai taushi: Andrei, Andreev.
(c) -in, idan kalmar ta ƙare da wasalin a: Nikita, Nikitin.

Bayan baƙin ts kuwa, wurin da nauyin furuci ya faɗa shi ke zaɓen siga. Idan ya faɗa a kan ɗafin sai a rubuta -ov, kamar a Kuznetsov. Idan bai faɗa a kansa ba sai a rubuta -ev, kamar a Rumyantsev.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Kalmar kuznetsov tana iya zama sigar jam'i ta mallaka, wato "na maƙera". Wannan zai iya sa wani ya ɗauka cewa sunan yana nufin ƙungiyar masu sana'ar ne. To amma hujjoji biyu na nahawu sun nuna cewa sunan sifa ce ta mallaka mai komawa ga mutum guda. Hujja ta farko ita ce sunan yana bin jinsi da adadi, kamar yadda sifa ke yi:

Kuznetsov – namiji
Kuznetsova – mace
Kuznetsovy – jam'i, wato iyalin gaba ɗaya

Hujja ta biyu ita ce yadda ƙarshensa ke sauyawa a cikin jimla. Idan za a ce "tare da maƙeri" sai a ce s kuznetsom, da ƙarshen -om irin na suna. Amma idan za a ce "tare da Kuznetsov" sai a ce s Kuznetsovym, da ƙarshen -ym irin wanda sifa ke ɗauka, kamar a s novym, wato "tare da sabo". Bisa ga wannan za a iya cewa har yau nahawun Rashanci bai manta cewa wannan suna amsa ce ta tambayar "na wa?" ba.

3.2.4 Furuci

Nauyin furuci yana kan gaɓar ƙarshe. Wasalin e da ke tsakiya yakan raunana ya kusanci i, baƙin v na ƙarshe kuma ana furta shi kamar f ta Turanci. Saboda haka kunne yakan ji wani abu kamar "Kuznitsof". Wannan ne ya sa Rashawan da suka yi ƙaura zuwa Faransa da Amurka, musamman bayan juyin juya halin 1917, da yawansu suka riƙa rubuta ƙarshen sunayensu da -off. Haka kuma ts ɗin da ke cikin sunan ba irin na tsuntsu ko tsamiya ba ne, domin babu tunkuɗar maƙwallato a cikinsa. T ne da s a haɗe kawai.

3.3 Yadda Laƙabi Ya Zama Sunan Zuriya

Sunayen zuriya ba su zo wa Rashawa a lokaci ɗaya ba. Daga sama suka faro suka gangaro ƙasa, kuma tafiyar ta ɗauki kimanin shekara ɗari shida. An fara ganin alamunsu a birnin Novgorod a ƙarni na 13. A ƙarni na 14 da na 15 'ya'yan sarauta da manyan fadawa suka samu nasu, wasu daga sunan ƙasar da suke mulki, kamar Shuisky daga garin Shuya da Vyazemsky daga garin Vyazma. Sauran masu filaye suka biyo baya a ƙarni na 16 da na 17, sannan 'yan kasuwa da malaman coci a ƙarni na 18 da na 19.

A wancan zamani hatta sigar sunan uba alama ce ta matsayi. Ɗafin -vich na manya ne kawai, har ma a 1610 Sarki Vasili Shuisky ya ba attajiran gidan Stroganov izinin amfani da shi a matsayin tukwicin taimakon da suka yi masa. Talaka kuwa da sigar mallaka ake rubuta shi, a ce Ivan Petrov syn, wato "Ivan ɗan Bitrus". Idan kuma an fi sanin uban da sana'arsa a kan sunansa, sai a ce Ivan kuznetsov syn, wato "Ivan ɗan maƙeri". A hankali aka yar da kalmar syn, aka bar Ivan Kuznetsov. Matakan sauyin su ne kamar haka:

(a) Uba yana ƙira, ana ce masa kuznets.
(b) Ana kiran ɗansa kuznetsov syn.
(c) Kalmar syn ta faɗi, saura Kuznetsov.
(d) Jikoki sun gaji sunan, ko suna ƙira ko ba sa yi.

Mataki na huɗu shi ne ya daɗe bai tabbata ba a wajen talakawan karkara. Dalili kuwa shi ne, wani babban kaso na manoman Rasha bayin gona ne, wato an ɗaure su da ƙasar iyayen gijinsu, ba su da ikon barin ta sai da izini. A ƙidayar haraji da hukuma ta yi sau goma tsakanin 1719 da 1858, akasari sunan bawan gona da na ubansa kawai ake rubutawa, a ƙarƙashin ƙauyensa da ubangidansa. Wanda ba ya mallakar fili, ba ya ƙulla yarjejeniya da sunansa, ba ya kuma tafiya nesa, hukuma ba ta ga abin da zai yi da sunan zuriya ba. Duk da haka a cikin ƙauye kowane gida yana da laƙabin da maƙwabta suka san shi da shi, kodayake ba a rubuce yake ba.

A 1861 Sarki Aleksanda na Biyu ya soke tsarin bautar gona, mutum fiye da miliyan 20 suka samu 'yanci. Daga nan buƙatar rubutaccen suna ta taso, saboda rabon filaye da biyan fansarsu da shari'a a kotu da tafiya ƙwadago birane. Dokar aikin soja na dole ga kowane namiji, wadda aka kafa a 1874, ta ƙara matsa lamba, domin ba zai yiwu a ce rundunar da ke da Ivan ɗan Ivan guda hamsin ta rasa yadda za ta bambance su ba. Malaman rajista sai suka riƙa ɗaukar sunan uba ko na kaka ko laƙabin gida su mayar da shi sunan zuriya. Gidan da aka daɗe ana ce wa "na maƙeri" sai ya shiga takarda a matsayin Kuznetsov. Aikin bai kammala ba sai a zamanin Tarayyar Sobiyet, musamman bayan da aka fito da takardar shaidar ɗan ƙasa ta cikin gida a 1932.

3.4 Matsayin Maƙeri a Ƙauyen Rasha

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa ƙira ta fi sauran sana'o'i haifar da suna? Gaskiya ne akwai sunaye da dama masu irin wannan ƙira:

Goncharov – daga gonchar, maginin tukwane
Melnikov – daga melnik, mai niƙa
Plotnikov – daga plotnik, kafinta
Rybakov – daga rybak, masunci
Kozhevnikov – daga kozhevnik, majemi
Myasnikov – daga myasnik, mahauci

Amma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya kamo ƙafar Kuznetsov wajen yawa. Dalilin yana cikin sharuɗɗa biyu da laƙabi ke buƙata kafin ya yaɗu. Dole ne mai sana'ar ya kasance ana samun sa a ko'ina, kuma dole ne ya kasance ba shi da yawa a wuri ɗaya. Noma ya cika sharaɗi na farko amma bai cika na biyu ba, domin a ƙauyen da kowa manomi ne, cewa "ɗan manomi" ba ta nuna kowa. Sassaƙa da saƙa kuwa kusan kowane gida yana taɓa nasa. Su kuma masunta sai inda ruwa yake. Maƙeri ne ya cika duka biyun. Ƙauye ba ya rayuwa sai da bakin garma da lauje da gatari da ƙusa da takalmin doki da ƙarfen ƙafar amalanke, kuma ba kowa ke iya yin su ba. Maƙeri ɗaya yakan wadatar da ƙauye, wani lokaci har da ƙauyukan da ke kewaye. Saboda haka da an ce "ɗan maƙeri" kowa ya san gidan da ake nufi.

Haka kuma maƙeri mutum ne da ya fita daban a idon jama'a. Da yake gidajen ƙauyen Rasha na katako ne, akan kafa maƙera a bayan gari, sau da yawa kusa da ruwa, saboda tsoron gobara. Wannan keɓewa, tare da aiki da wuta, ta sa aka riƙa danganta shi da asiri. Harshen ma ya adana wannan kallo, domin kalmar kovarny, mai nufin "mai makirci", ta fito ne daga wata tsohuwar kalma, kovar, wadda ita ma "maƙeri" take nufi. Wanda ya iya lanƙwasa ƙarfe, a ganinsu, zai iya ƙulla abin da ya fi ƙarfe.

Wannan hujja ta sharuɗɗa biyu ita ce kuma ke bayyana yawan sunan Popov, daga pop, wato limamin coci, domin shi ma kowace gunduma tana da nata, kuma ba a cika samun da yawa a wuri ɗaya ba.

3.5 Yaɗuwar Sunan

Masana da dama sun ƙididdige sunayen zuriya na Rasha. Unbegaun (1972) ya yi amfani da littafin adireshin mazauna birnin Petersburg na 1910, inda ya tarar Ivanov ne kan gaba, kuma sunayen da suka fito daga sunan haihuwa, irin su Vasilyev da Petrov, su suka mamaye sahun farko. A wannan lissafi na birni Kuznetsov bai shiga cikin goman farko ba.

Nikonov (1988) kuwa karkara ya fuskanta. Ya bi takardun ƙidaya da rajista na larduna masu yawa, ya gano cewa ɓangaren Rasha da ke nahiyar Turai ya kasu yankuna huɗu, kowane da sunan da ya fi rinjaye a cikinsa:

(a) Ivanov a arewa maso yamma, wajen Novgorod da Pskov.
(b) Smirnov a arewacin kogin Volga, wajen Yaroslavl da Kostroma.
(c) Popov a arewa, wajen Arkhangelsk.
(d) Kuznetsov a kudu da gabashin Mosko, daga Tula zuwa Nizhny Novgorod har tsakiyar Volga.

A 2005 an fitar da wasu jerin sunaye guda biyu. A na Zhuravlev, Ivanov ne na ɗaya, Smirnov na biyu. A na Balanovskaya da abokan aikinta kuwa Smirnov ne na ɗaya, Ivanov na biyu. Amma duka biyun sun haɗu a kan cewa Kuznetsov ne na uku.

Idan aka haɗa wannan yawa da bayanin da ya gabata, za a fahimci cewa sunan ba daga kaka ɗaya ya tsiro ba. Ya tsiro ne a dubban ƙauyuka, kowane da maƙerinsa, ba tare da wani ya san da wani ba. Bugu da ƙari, wasu al'ummun da ba Rashawa ba ne a asali, musamman na yankin Volga, sun karɓi sunan a lokacin da aka yi musu rajista da Rashanci. Don haka haɗuwar mutum biyu a kan wannan suna ba hujja ce ta dangantakar jini ba.

3.6 Sunaye Masu Alaƙa da Masu Kama

A kudanci da yammacin Rasha, da ƙasashen Yukiren da Belarus, kalmar da aka fi sani ta maƙeri ita ce koval, daga saiwar kovat ɗin nan. Daga gare ta aka samu Kovalev, mai ma'ana ɗaya da Kuznetsov, da kuma Kovalenko da Kovalchuk na Yukiren. Wannan ne ya sa Kuznetsov yake raguwa idan aka nufi kudu maso yamma. A Folan akwai Kowalski, a Hangari akwai Kovacs. Akwai kuma Kuznechikhin, daga kuznechikha, wato "matar maƙeri", wanda ke nuna gidan da aka fi sanin sa da uwa.

Sauran harsuna ma suna da nasu, kamar Smith a Ingila da Schmidt a Jamus da Haddad a ƙasashen Larabawa. Sai dai waɗannan ukun sunan sana'ar ne tsurarsa, wato "maƙeri". Na Rashanci ne ya ƙara da ɗafin mallaka, ya mayar da hankali daga mai sana'ar zuwa ga wanda ya haifa.

Akwai kuma sunayen da suka yi kama da Kuznetsov amma hanyarsu daban, kuma kama da wane ba ta wane. Na farko shi ne Kuzmin, wanda ya fito daga sunan haihuwa Kuzma, asalinsa Kosmas na Girkanci. Ba shi da alaƙar saiwa da ƙira ko kaɗan. Sai dai kamannin sautin ya sa talakawan Rasha suka ɗauki waliyyai Kuzma da Demyan a matsayin majiɓintan maƙera, alhali a tarihin coci likitoci ne. Na biyu shi ne sunayen wurare. Garin Kuznetsk na Siberiya, wanda aka kafa a 1618 a bakin kogin Tom, ya samu sunansa ne saboda mutanen yankin, wato ƙabilar Shor, sun shahara da narka tama da ƙira. Tun 1961 ana kiran birnin Novokuznetsk. Haka nan titin Kuznetsky Most da ke Mosko, ma'ana "Gadar Maƙera", ya tuna da unguwar maƙeran da suka zauna a wurin. Waɗannan wurare daga sana'ar suka samu suna kai tsaye, ba daga wani mai suna Kuznetsov ba.

3.7 Misalai Daga Tarihi

Tarihin gidaje biyu ya isa ya tabbatar da abin da aka faɗa. Gida na farko shi ne na masu masana'antar tangaran. Kakansu Yakov maƙeri ne a yankin Gzhel, kusa da Mosko, wanda ya buɗe ƙaramin wurin yin tangaran a farkon ƙarni na 19. Ɗansa Terenti ya kafa masana'antar Dulevo a 1832. Tattaɓa-kunnensa, Matvei Sidorovich Kuznetsov (1846–1911), shi ya zama babban mai yin tangaran a daular Rasha baki ɗaya. A nan ana iya ganin maƙerin da ke bayan sunan, ana kuma iya ganin yadda zuriyar ta bar ƙira, sunan bai bar ta ba.

Gida na biyu kishiyar wannan ne. Garin Tula ya shahara da ƙira. Tun 1595 aka keɓe wa maƙeran bindiga unguwa tasu, a 1712 kuma aka kafa masana'antar makamai ta gwamnati. A nan aka haifi Nikita (1656–1725), maƙeri ɗan maƙeri, wanda Sarki Bitrus na Ɗaya ya damƙa wa masana'antar ƙarfe ta Nevyansk a duwatsun Ural a 1702. Zuriyarsa ta zama ɗaya daga cikin mafi arziki a Rasha ta hanyar ƙarfe, amma ba a kira ta Kuznetsov ba. Demidov aka kira ta, daga sunan mahaifinsa Demid. A unguwar da kowa maƙeri ne, "ɗan maƙeri" ba ta bambance kowa, dole a koma ga sunan uba.

Sauran fitattun masu sunan ma ba a maƙera aka san su ba. Nikolai Gerasimovich Kuznetsov (1904–1974) ɗan manomi ne daga arewa, ya zama shugaban rundunar sojan ruwa ta Tarayyar Sobiyet a 1939, ya kuma jagorance ta a Yaƙin Duniya na Biyu. Vasili Vasilyevich Kuznetsov (1901–1990) ya riƙe muƙamin shugaban ƙasa na wucin gadi sau uku, bayan mutuwar Brezhnev a 1982 da Andropov a 1984 da Chernenko a 1985. Svetlana Kuznetsova kuwa 'yar wasan tanis ce da ta ci babbar gasar Amurka a 2004 da ta Faransa a 2009.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an yi bayanin tsarin suna na Rashawa, sannan aka rarraba sunan Kuznetsov zuwa saiwa kuzn da ɗafin mai aiki -ets da ɗafin mallaka -ov. An nuna cewa ma'anarsa ita ce "na maƙeri", kuma jinsi da adadi da sauyin ƙarshensa a jimla duk sun goyi bayan haka. An kuma ga cewa ya fara ne a matsayin laƙabin da ake kiran ɗa da sana'ar ubansa, bai zama gado a wajen yawancin talakawa ba sai bayan 1861. Yawansa ya samu ne saboda maƙeri yana ko'ina amma shi kaɗai ne a ƙauyensa, kamar yadda misalin gidan Demidov ya nuna ta ɗaya fuskar. Saboda haka abin da sunan ke tabbatarwa game da mai shi abu ɗaya ne tak: a cikin kakanninsa akwai wanda maƙwabta suka sani da gidan ƙira a lokacin da aka rubuta sunan. A babi na gaba za a dubi sunayen zuriya da suka samu daga sunan haihuwa da kuma siffar jiki.